Abin da Aka Saka Mana a Ƙirji

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman can? Ina fata tururin ɗakin wankin otal ɗin nan naku bai ƙarasa dafa min ke ba. Yayanki Kafinta yana gaishe ki, ya ce kujerar da kika karya a zuwanki na ƙarshe ya gyara ta, amma ke kam ba za ki sake zama a kanta ba. Yara suna lafiya. Babbar ta fi ni tsawo yanzu, ko da yake kin san wannan ba wani aiki ba ne.

Za ki ga rubutuna ya karkace. Ba sauri nake yi ba, hannun ne. Na daɗe ina ɓoye miki, to amma tun da ciwo ɗaya, dajin nono, ya ɗauke Innata da ƙanwarta mamarki, ke kaɗai ce nake iya buɗe wa cikina.

Abin ya fara ne a bakin famfon da muke wanke hannu kafin mu shiga ɗakin haihuwa. Ruwa na taɓa yatsuna sai su yi fari fat kamar kyandir, can su yi shuɗi, in jini ya dawo kuma zafi kamar an matse su da ƙofa. Na ce gajiya ce. Sai zobena ya ƙi fita, har sai da Yayanki ya yanke shi. Yanzu fatar hannun ta ɗame tana sheƙi, ko mintsininta ba a iya yi.

Watan jiya aka kawo wata yarinya, cikin fari. Na ɗora hannu a cikinta in ji kwanciyar ɗan. Auta, na kasa bambance kai da ɗuwawu. Ni da na tsufa a aikin ungozoma, ni da likitoci kan kira in taɓa musu in sun yi shakka. Da kan ya fito, sai ga cibiya ta naɗe wuya. Abu ne da nake yi ido rufe, ki zura yatsa biyu ki zare. Yatsun suka sandare, suka ƙi lanƙwasawa. Abokiyar aikina ce ta ture ni da kafaɗa ta zare. Yaron ya yi kuka, alhamdulillahi, uwar har tana yi min godiya. Washegari shugabarmu ta kira ni ofis, ta zuba min shayi da kanta, ta ce daga yau na koma ɗakin auna jarirai. Ban yi musu ba. Da ni ce ita, haka zan yi.

Likitan gaɓoɓi ya ɗebi jini, ya duba bakin farcena da madubi. Ya ce sojojin jikina ne suka juyo suna yaƙar naman da ke ɗaure jiki, wanda ya riƙe fata da gaɓoɓi da hanyoyin jini, shi ya sa yake yin tauri. Ba a warkar da shi, sai dai a rage masa gudu. Na ce, "Likita, ko jakar silikon ɗin nan da aka saka min bayan an yanke nono ce ta jawo?" Ya ce manyan binciken da aka yi ba su tabbatar da haka ba, kuma matan da ba a taɓa saka musu komai ba su ma suna kamuwa. Amma akwai masu ita da ke zuwa da kuka iri-iri, shi ba zai rantse min a kan e ko a'a ba.

Kwanan nan ina yawan tuna ranar da kika zauna a bakin gadona a asibiti, kika kama hannuna kika ɗora a ƙirjinki, kika ce, "Taɓa ki ji, Yaya, wa zai ce ba nawa ba ne?" Ba ki tashi ba sai da na yarda a saka min. Da ba ki zo ba a ranar, Allah kaɗai ya san yadda zan kasance yau.

Taki ta girmi tawa. Don Allah ki je a duba ki, ki rubuto min. Hannun ya gaji.

Taki har kullum,
Yayarki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, ina fata jikin da sauƙi. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Ki gaida Yaya Kafinta da yara. Ni lafiyata ƙalau, aiki ne dai ya yi yawa, baƙi sun cika otal, zannuwan gado ba sa yankewa.

A tsaye na karanta wasiƙar, tsakanin injin wanki da teburin guga. Da na zo kusan ƙarshe sai da na zauna a kan kwandon tawul. Yaya, in kina da magana ki faɗe ta kai tsaye, ba sai kin naɗe ta da sunan Allah ba. Na gane. Kina nufin da ban zo ba, da yanzu hannunki lafiyarsa lau.

To bari in tuna miki. Ranar da na zo, na same ki kin juya wa bango fuska. Kin hana a shigo da yara, kin ce a gaya wa mijinki ya daina wahalar zuwa. Likita ya kawo maganar kin ƙi saurara. Me kike so in yi? Ni na san abin da na gani lokacin da aka yanke nawa. Na san yadda wancan mutumin ya riƙa kashe fitila kafin ya shigo ɗaki, har auren ya mutu a hannuna ina kallo. Sai da aka saka min ita na iya shiga shago in gwada riga kamar kowa. Ban so ki ɗanɗani abin da na ɗanɗana ba, laifina ke nan. Ban ɗaure ki na kai ki ɗakin tiyata ba. Kuma ke ce ma'aikaciyar asibiti, ni mai wanki ce.

Na je an duba ni kamar yadda kika ce. Likitar ta mammatsa yatsuna, ta ɗebi jini, ta ce babu komai, jakar ma tana nan daidai, ba ta fashe ba. Ita ma abin da naku ya faɗa ta faɗa: ba a tabbatar ba. Kin ji ko? Ba a tabbatar ba.

Da na so in ba ki wani labari. Babban kukun otal ɗinmu, wanda matarsa ta rasu, ya yi min maganar aure, na ce ya ba ni lokaci in shawarci Yayata. Yanzu ban san ko ina da bakin neman shawararki ba.

Ki riƙa shan magani. Ki riƙa sa safar hannu.

Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ya jiki? Ya yara da babansu? Ni ina nan, ba zan ce lafiya ba, ba zan ce ciwo ba.

Damina ta shigo ta fita ban ga amsarki ba. Kullum in an kawo wasiƙun ma'aikata ni ce ta farko a bakin tagar ofis, har mai rabawa ya fara girgiza min kai tun daga nesa. Na buga waya asibitinku, wata ta ɗauka ta ce kin daina zuwa aiki, ta ajiye kafin in ƙara tambaya. Na san na yi miki rashin kunya a waccan wasiƙar. Ki zage ni mana. Ki ce Auta ba ta da mutunci, kamar yadda kike cewa muna yara in na sa takalminki. Shirun nan ya fi zagi ciwo.

Tun ranar da na karanta taki ban sake zaman lafiya da jikina ba. Da can mantawa nake da jakar nan sai in na zo wanka. Yanzu ko numfashi na ja ina jin ta. Ba na kwanciya ta gefen. In gwiwata ta yi ƙara na hau bene, sai in ce ga shi nan ya fara. Ranar nan na ƙona rigar wani baƙo, ina tsaye da dutsen guga a kanta hankalina yana can. Tun da na fara aikin nan ban taɓa yi ba.

Akwai wasu mata masu irin namu da ke haɗuwa a wani ɗaki a bayan asibiti, na je na zauna da su. Ɗaya ta ce tun da aka cire tata ciwon gaɓoɓi ya bar ta, har rawa ta taka mana. Wata ta ce an cire tata ba ta ga komai ba sai sabon tabo. Wata dattijuwa ta ce tata ta girmi jikokinta kuma ko mura ba ta cika yi ba. Na fito na fi shiga ruɗewa.

Na koma wurin likitar na ce a cire. Ta ce ita ba ta ga dalili ba, jinina lafiya lau, kuma kowace tiyata da nata haɗarin. Ta ce in je in yi tunani. Na je na dawo da maganata. An ba ni rana, farkon wata mai kamawa.

Na gaya wa Kuku, a bayan kicin inda suke jera tukwanen gas. Bai ma san an taɓa yi min aiki ba. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa shi, sannan ya ce, "Allah ya sa haka shi ya fi alheri." Aka kira shi, ya shiga.

Ban sani ba ko tsoro ne ke tura ni ko kunyarki. In ni na kai ki, bai kamata in zauna da tawa ina kwalliya ke kina can kina fama ba. In kina da abin cewa, ki rubuto kafin ranar. Ko layi ɗaya ne.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ki, yara ma suna gaishe ki. Wannan rubutun Yayanki Kafinta ne, ni ke faɗa yana rubutawa, don haka in kin ga harafi ya yi kama da lanƙwasasshiyar ƙusa ki yi haƙuri.

Wasiƙunki biyu a tare na same su. Suna can asibitinmu a akwatin ma'aikata, ba wanda ya tuna ya kawo min sai shekaranjiya. Ni kuma duk wannan lokaci ina kwance a babban asibiti, ina ta ce wa Yayanki, "Ka ga Auta, ta ji ciwo ta gudu."

Auta, wawiya kawai. Godiya nake yi miki. Da ba ki zo ba a ranar, da a jikin bangon nan zan ƙare. Shekarun da na yi bayan nan kaina a sama na yi su. Na koma aiki, na karɓi haihuwar da ba ta ƙirguwa, na je taron makarantar yara da rigar da nake so. Ke kika ba ni su. Na sa Yayanki ya maimaita min abin da kika rubuta, na ji maganata da kunnenki, na ga inda ta karkace. Hannu ne ke ciwo ranar, sai na taƙaita inda ya kamata in ƙara.

Ni an cire tawa. Ni na nace. Likita ya ce kada in sa rai, na sa. Da na farka na ce a nuna min ita, aka kawo a kwano. Lafiyarta ƙalau, ko ɗigo ba ta yi ba. Na kwanta ina jiran hannun ya saki. Bai saki ba. Wurin yankan ma ya daɗe bai haɗe ba, don fatar ba ta da sauran laushi. Yatsa biyu sun yi gyambo a baki. Bakina ya tsuke, sai ƙaramin cokali ke shiga, abincin kuma ya tsaya a ƙirji sai na kora da ruwa. Yanzu ya kai huhu. Daga gado zuwa bayi sai na tsaya a hanya na huta. Yayanki ya kafa min katako a jikin bango in riƙa dafawa, ya yi wa cokula ƙota mai kauri don in iya riƙewa da tafin hannu biyu. Ya ce in gaya miki katakon mai kyau ne, ba irin wanda yake yi wa mutane ba.

Ban san ko ita ce ta jawo ba. Duk wanda ya shigo ɗakin da farar riga sai na tambaye shi, har ɗalibai. Wani ya ce a'a, wani ya ce da wuya, wani ya ce ana nan ana bincike. Da an ce min ita ce, da na samu abin jin haushi. Da an ce ba ita ba ce, da na kwantar miki da hankali da baki ɗaya. Zan tafi ban sani ba, wannan ya fi komai ci min rai.

To ki saurare ni. Kada ki cire saboda ni. In likitarki ta ga dalili, to. In tsoro ne ya hana ki sakat, ki koma ku zauna ku yi magana sosai, ki gaya mata duk abin da kika gaya min. Amma kada ki kwanta a yanka ki don ki taya ni ciwo. Ba a taya wannan.

Maganar Kuku kuwa, kafin ki ce e, ki tambayi masu wanke-wanken kicin yadda yake yi in abinci ya ƙone. Abin da suka faɗa miki shi ne mijin da za ki samu.

Numfashi ya ƙare, a nan zan tsaya.

Yayarki

Ni ma, Yayanki, ina gaishe ki. Yanzu zan kai wannan gidan waya da kaina, in roƙe su su sa ta a ta gaggawa.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ya ƙarfin jiki? Ya Yaya Kafinta da ɗawainiya? Allah ya saka masa da alheri. Ki ce masa na karanta ƙusoshinsa duka.

Wasiƙarki ta zo. Maƙwabciyata ce ta karɓo min daga otal, ta same ni a kwance da robar da ke zuƙe ruwan ciwo a gefena. An riga an cire, Yaya.

Ranar, har an sa min rigar tiyata ina tambayar nas ko wani ya kawo saƙo. Ta ce wane irin saƙo? Na ce ba komai. Na ce a raina, shi ke nan, Yaya ta ba ni amsa da shirunta.

Da na karanta taki sai na fara dariya, har ɗinkin ya ja. Godiya. Ashe godiya ce. Maƙwabciyar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ba ta san ko ta kira asibiti ba. Daga baya kukan ya zo, shi ma ɗinkin bai bar ni na yi shi yadda nake so ba.

Likitar ta ce aiki ya yi kyau, tawa ma ba ta fashe ba. Ta ce, "To yanzu hankali ya kwanta?" Na ce e. Ƙarya nake. Na tambaye ta ko yanzu na tsira, ta ce ita ba ta taɓa cewa ina cikin haɗari ba, kuma ba za ta iya ce wa kowa ya tsira ba. Ke nan inda nake da, nan nake yanzu, sai dai ƙirjin ya ragu. Jiya na daure na duba madubi. Gefen ya koma kamar aljihun da aka farke aka ɗinke bakinsa.

Kuku ya zo sau ɗaya. Ya kawo min miya a filas, ya zauna a kujerar bakin ƙofa, ya ba ni labarin sabon murhun da aka kawo musu tun daga farko har ƙarshe, ya tashi. Tun daga nan sai dai a ce min yana gaishe ni. Ban tambayi masu wanke-wanke ba. Ba sai na tambaya ba.

Ina so in taho. Likitar ta ce ba doguwar tafiya sai an cire robar nan ɗinki ya kama. Manaja kuma ya ce hutuna ya ƙare a asibiti, in bari baƙi su ragu. Ina warkewa zan sake shiga ofishinsa, in ya ƙi in ajiye masa makullan ɗakin wanki a kan tebur.

Ki yafe min waccan wasiƙar. Ki jira ni.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ni ne, Yayanki. Ina fata ciwon yana kamewa. Yara lafiya, suna tambayarki.

Na karanta mata wasiƙarki. Da na kai inda kika ce an riga an cire, sai ta rufe ido, ta daɗe, har na ɗauka barci ne. Can na ga hawaye ya gangaro. Ba ta iya share shi, ni na share. Maganarta yanzu kaɗan-kaɗan ce saboda robar iskar da ke hancinta. Ga abin da ta ce in rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba.

Wai kada ki riƙa ɗaga hannun nan sama da kafaɗa tukuna, kada ki ɗauki kwandon wanki ko sun matsa miki. In gefen ɗinkin ya yi ja, ko ya yi zafi, ko kika ji zazzaɓi, ki koma asibiti a ranar, ba washegari ba. Wai wa ke canza miki bandeji, kuma yana wanke hannu kuwa? Kuku ki bar shi da tukwanensa. Zancen yafiya kuma ta ce in gaya miki ba ta ji wannan wurin ba. Ta ce ki zauna ki warke, kada ki yi gaggawar tahowa, tana nan.

Nata ke nan. Saura nawa, kuma ba ta san zan rubuta ba.

Mun sake komawa asibiti, an sallamo mu, amma ba don ta samu sauƙi ba. Likita ya ja ni baranda ya ce huhun ya yi nisa, abin da ya rage a yi mata ko a gida za a iya yi. Ya ce in akwai 'yan uwa na nesa a sanar da su. Na ce mutum ɗaya ce.

Na rufe shago. Na dawo da gadonta falo kusa da taga, don ta riƙa ganin masu wucewa. Da safe ina shafa mata mai a hannu kamar yadda aka nuna min. Ni da na saba da katako, Auta, na san abin da ke sakewa in an shafa masa mai da wanda ba ya sakewa. Ina dai shafawa.

Ban taɓa saɓa maganar Yayarki a kan abin da ya shafi jiki ba, ita ce ta sani. Yau zan saɓa. Kada ki jira baƙi su ragu. Ana cire miki robar nan ki taho, ki sa matashi a ƙirji saboda gargadar hanya. Ki aiko min da ranar, zan tsaya a tasha.

Abu ɗaya nake roƙonki. Fuskar ta canza, ba za ki gane ta nan take ba, ita kuma idonta yana nan garau, tana karanta fuskar duk wanda ya shigo. In mun iso, akwai benci a shagona. Ki zauna a can ki yi kukanki ki gama, ki wanke fuska. Sannan ki shigo ki tsokane ta.

Yayanki